DVD, Blu-ray ko 4K: Wace Na'ura Ce Za Ta Karɓi Faya-fayan da Ke Gidanka?

Yawancin masu neman na'urar kallon fim a gida sukan fara da tambayar kyawun hoto, alhali abin da ya fi ɓata rai bayan an kai na'ura gida shi ne mutum ya saka faifai mai lafiya, wanda babu ko ƙwarzane a jikinsa, na'urar ta yi ta juya shi, daga ƙarshe ta rubuta a allo cewa ba za ta iya karanta shi ba. Sau da yawa a irin wannan hali faifan lafiyarsa ƙalau, na'urar ma haka, sai dai tun daga masana'anta ba a yi su don juna ba. Shi ya sa a ganina zaɓe ya kamata ya fara daga faya-fayan da mutum ya mallaka ko yake da niyyar saye, sannan talabijin ɗin da za a jona, kafin a zo kan sunan kamfani.

Faifan fim iri uku ne suka fi yawa a hannun mutane. DVD ya fara fitowa a Japan a 1996, yana ɗaukar gigabait 4.7 idan mai shimfiɗa ɗaya ne, ko 8.5 idan mai shimfiɗa biyu ne, kuma da jan hasken lesa ake karanta shi. Blu-ray ya biyo baya a 2006 da gigabait 25 ko 50 da hoto mai layi 1080, ana karanta shi da shuɗin lesa wanda ya fi ja siriri. Ultra HD Blu-ray, wanda aka fi sani da faifan 4K, ya shigo a 2016, kuma yawancin fina-finansa suna kan faifai mai gigabait 66 ko 100. Na baya yana karɓar na gaba da shi: na'urar 4K tana kunna Blu-ray da DVD, na'urar Blu-ray tana kunna DVD, amma na'urar DVD ba za ta taɓa karanta Blu-ray ba ko da an rubuta 1080p a gabanta, domin wannan rubutun yana nufin kawai tana faɗaɗa hoton DVD ya cika babban allo. Wanda ya ci karo da faifai mai alamar HD DVD ya sani cewa wani tsari ne dabam, wanda Toshiba ya janye daga gare shi a 2008 bayan ya sha kaye a hannun Blu-ray, kuma na'urorin yau ba sa kunna shi.

Daga nan sai mutum ya ɗauka cewa sabuwar na'ura ita ce ta fi karɓar komai, kuma a nan ne kuskure na farko yake. Faifan VCD, wanda aka fito da shi a 1993 kuma ya yi tashe sosai a Asiya da Afirka, na'urorin DVD na da suna kunna shi ba tare da gardama ba, amma da yawa daga cikin na'urorin Blu-ray da 4K na manyan kamfanoni sun daina lissafa shi cikin abin da suke karɓa. Haka ma faya-fayan da aka naɗa a gida ko a situdiyo a kan DVD-R ko DVD+R: idan wanda ya naɗa bai rufe faifan ba bayan ya gama, wato bai ba na'urarsa umarnin kammala naɗin ba, na'urar da ta naɗa shi ce kaɗai za ta iya karanta shi, ko kwamfuta. Duk wanda yake da tarin VCD, to ya duba jerin faya-fayan da ke cikin littafin na'urar da idonsa, kada ya dogara da alamomin da ke jikin kwali.

Babbar matsala ita ce kullen shiyya, kuma ita ta fi cancantar a tsaya a kanta. Kamfanonin fim sun raba duniya kashi-kashi domin su riƙa sarrafa lokacin fitowar fim da cinikinsa a kowace kasuwa. A tsarin DVD shiyyoyin lambobi ne: 1 ta Amurka da Kanada, 2 ta Turai da Japan da Gabas ta Tsakiya, har da Masar da Afirka ta Kudu, 3 ta Kudu maso Gabashin Asiya da Koriya ta Kudu da Taiwan da Hong Kong, 4 ta Latin Amurka da Ostareliya da New Zealand, 5 ta sauran ƙasashen Afirka da Rasha da Indiya, 6 kuwa ta Sin ce. Da Blu-ray ya zo sai aka sake rabon gaba ɗaya zuwa haruffa uku: A ta nahiyar Amurka da Japan da Koriya da Kudu maso Gabashin Asiya, B ta Turai da Afirka da Gabas ta Tsakiya da Ostareliya, C kuma ta Rasha da Sin da Indiya da maƙwabtansu. Rabon biyu ba su dace da juna ba, kuma wannan ne ke rikita masu saye. Japan tana tare da Turai a DVD amma tana tare da Amurka a Blu-ray. Yawancin Afirka tana tare da Indiya a DVD, amma a Blu-ray sun rabu, ɗaya ta koma B ɗaya ta koma C. Na'urar da aka yi don kasuwar Ingila shiyya 2 ce kuma B, saboda haka za ta karɓi Blu-ray ɗin da aka buga don Afirka, ta ƙi DVD mai lamba 5. Alamar shiyya tana bayan kwalin faifai da kuma bayan na'ura, lamba a cikin hoton duniya ga DVD, harafi ga Blu-ray.

Faifan 4K ba shi da kullen shiyya, kuma wannan na daga cikin dalilan da suka fi ƙarfi na sayen irin wannan na'ura ga mai odar fina-finai daga ƙasashe dabam-dabam. Sai dai akwai abu biyu da za a kiyaye. Na'urar 4K ɗin kanta tana nan a kulle game da DVD da Blu-ray, sannan kwalin fim ɗin 4K yakan zo da faifan Blu-ray na biyu mai ɗauke da ƙarin shirye-shirye, wanda shi kuma yana iya zama a kulle. A ɗaya ɓangaren, Blu-ray da yawa ba a kulle su ba, musamman na wasu manyan kamfanonin fim na Amurka, alhali ƙananan kamfanonin da ke sake buga tsofaffin fina-finai sukan kulle nasu saboda lasisinsu na yanki ɗaya ne.

Idan mai sayarwa ya ce na'ura tana kunna kowace shiyya, tambayar da za a yi masa ita ce: ta DVD kaɗai, ko har da Blu-ray? Buɗe kullen DVD abu ne mai sauƙi, wasu na'urorin ma da danna wasu lambobi a rimot ake yi, wasu kuma haka suke fitowa. Na Blu-ray ya fi wuya, domin yakan buƙaci a buɗe na'urar a ƙara mata wani ɗan guntun kayan lantarki ko a sauya manhajar da ke cikinta, kuma kamfanonin da ke ƙera na'urorin ba su ne ke yin wannan aiki ba, 'yan kasuwa ne ke yi kafin su sayar. Irin wannan na'ura ba ta gane shiyyar Blu-ray da kanta. Mai ita ne zai zaɓi A ko B ko C da rimot kafin ya saka faifai. Garantin kamfani yakan faɗi da zarar an taɓa cikin na'ura, kuma idan ta hanyar manhaja aka buɗe kullen, sabunta ta daga intanet yana iya mayar da shi. Duk da haka, ga wanda faya-fayansa suka fito daga shiyyoyi biyu ko uku, na fi ganin hikimar sayen na'ura ɗaya da aka buɗe daga hannun dillalin da zai ba da nasa garantin, a kan jera na'urori uku a ƙarƙashin talabijin.

Akwai kuma wani shinge da mutane ke ɗauka shiyya ce, alhali dabam yake, wato bambancin PAL da NTSC. Ƙasashen da suka bi NTSC, irin su Amurka da Japan, DVD ɗinsu yana da layi 480 kuma hoton yana sauyawa sau 60 a daƙiƙa, su kuwa na PAL, irin su Turai da yawancin Afirka da Indiya, layi 576 ne da sauyi 50. Na'urori da talabijin ɗin da aka yi don kasuwannin PAL kusan dukkansu suna karɓar tsarin biyu, amma da yawa daga waɗanda aka yi don kasuwar Amurka ba su san 50 ba sam. Sakamakon haka faifai zai iya zama marar kullen shiyya, amma na'urar Amurka ta ƙi shi, ko ta fitar da sauti allon ya tsaya baƙi. Blu-ray ya rage wannan matsala tunda yawancin fina-finan sinima ana ajiye su ne a hoto 24 a daƙiƙa, wanda kowace na'ura ke karɓa, sai dai shirye-shiryen talabijin na Turai da ƙarin bidiyon da ke cikin faifai sukan zo a 50. Wannan kaɗai ya isa a ce na'urar da aka yi don kasuwar Turai ta fi ta Amurka haƙuri da baƙin faya-fayai. Ga kuma batun wuta: ta Amurka an yi ta ne don 120V, ta Japan don 100V, kuma idan ba a rubuta 100 zuwa 240V a bayanta ba, jona ta kai tsaye a wutar 230V ƙona ta zai yi.

Kariyar da kamfanonin fim suka ɗora wa faifai don hana kwafi ita ma tana shafar mai kallo na halal. Blu-ray yana amfani da tsarin AACS, wasu faya-fayan da ƙarin BD+, kuma shafin zaɓe na fim ɗin yakan zama ƙaramar manhaja da aka rubuta da Java, wadda na'urar za ta gudanar kafin fim ya fara. Shi ya sa tsohuwar na'urar Blu-ray da kamfaninta ya daina sabunta manhajarta takan kunna tsofaffin fina-finai lafiya, ta cije a kan sabo. Sabuntawa tana da amfani, amma barin na'ura jone da intanet kullum ba dole ba ne. A watan Yunin 2020 na'urorin Blu-ray na Samsung masu yawa a ƙasashe dabam-dabam sun shiga kunna kansu suna kashewa ba tsayawa, saboda wani gurɓataccen fayil da suka sauko da shi daga intanet, har sai da aka riƙa mayar da su wajen gyara. Yawancin na'urori suna karɓar sabuntawa ta filashi, kuma ni wannan hanyar na fi so. Akwai kuma Cinavia, wata ɓoyayyiyar alama da ake sakawa a cikin sautin wasu fina-finai, wadda aka wajabta wa na'urorin Blu-ray ganewa tun 2012: idan na'ura ta ji alamar a faifan da aka kwafa, takan ɗauke sautin bayan kamar minti 20. Na'urar DVD zalla ba ruwanta da wannan.

Talabijin ɗin da ke gida yana iya yanke hukunci tun kafin a je ko'ina. Dokokin AACS sun hana na'urorin Blu-ray da aka ƙera bayan 2013 fitar da hoto ta tsofaffin wayoyin nan masu launin rawaya ko ja da kore da shuɗi, saboda haka HDMI kaɗai suke da shi. Mai tsohon talabijin marar HDMI, na'urar DVD ce tasa. Shi kuwa faifan 4K yana buƙatar kariyar HDCP 2.2 a duk abin da hoton zai ratsa, daga na'ura zuwa amfilifaya zuwa talabijin, kuma idan ɗaya ya gaza, hoton zai sauko zuwa 1080 ko ya ɗauke gaba ɗaya. Wannan ne amfanin na'ura mai kafar HDMI biyu: ɗaya ta kai hoto talabijin, ɗaya ta kai sauti tsohuwar amfilifaya. Wayar sauti ta haske tana ɗaukar Dolby Digital da DTS na asali kawai; Dolby TrueHD da DTS-HD Master Audio, da Atmos ɗin da ke tafe a kan TrueHD, sai ta HDMI.

Idan aka zo kan na'urorin kansu, ta DVD zalla ita ce ta fi kowace rashin tsirfa. Tana karɓar VCD da faifan waƙa da faya-fayan da aka naɗa a gida, buɗe shiyyarta ba wuya, kuma tana jonuwa da tsoho da sabon talabijin idan an zaɓi mai HDMI. Rauninta shi ne hoton DVD yana nuna shekarunsa a babban allo, kuma ƙirar marasa sunan cikinsu ba ta da ƙwari. Na'urar Blu-ray ta 1080 tana tsakiya, kuma ta dace da wanda talabijin ɗinsa ba 4K ba ne kuma ba ya shirin sauya shi. Takan kuma fi ƙananan na'urorin DVD iya gyara hoton DVD ɗin kansa. Amma wanda ya riga ya mallaki talabijin 4K, ban ga dalilin da zai sa ya tsaya a nan ba, domin duk abin da wannan ke yi ta 4K tana yi.

A cikin na'urorin 4K, zaɓin ya ƙuntata ƙwarai. Oppo ya daina ƙera su a 2018, Samsung ya daina fitar da sababbi a 2019, LG ya bi sahu a ƙarshen 2024, abin da ya bar Panasonic da Sony a matsayin manyan da suka rage, sai wasu ƙananan kamfanoni irin su Magnetar da ke yi wa masu zurfin aljihu. Bambancin da ke tsakanin Panasonic da Sony ya fi fitowa a tsarin HDR, wato faɗin tazarar haske da duhu a hoto. Kowane faifan 4K mai HDR yana ɗauke da HDR10, kuma kowace na'urar 4K tana karanta shi, don haka babu faifan da zai ƙi kunnuwa saboda wannan. Dolby Vision da HDR10+ ƙari ne a kai. Panasonic DP-UB820 tana karɓar duka ukun, tana gane wanda ke kan faifai da kanta, kuma tana da tsarin daidaita ƙarfin hasken fim da abin da allo zai iya ɗauka, wanda ke da amfani sosai ga mai majigi ko talabijin marar haske da yawa. Ƙanwarta DP-UB420 ba ta da Dolby Vision. Sony UBP-X700 da UBP-X800M2 suna da Dolby Vision amma ba su da HDR10+, kuma sai mai kallo ya shiga saiti ya kunna ko ya kashe shi da hannu gwargwadon faifan da ya saka, abin da ke gundurar mutum idan yana yawan kallo. Inda Sony ya yi zarra shi ne faifan waƙa: duka biyun suna kunna SACD, X800M2 kuma har da DVD-Audio, alhali na'urorin Panasonic ɗin nan ba sa karɓar ko ɗaya. Kafin a biya kuɗin ɗayan waɗannan tsare-tsare, a tuna cewa talabijin ɗin Samsung ba ya nuna Dolby Vision, na LG da Sony kuma ba sa nuna HDR10+. Ga mai fim zalla, UB820 ce na fi amincewa da ita. Mai tarin SACD kuwa Sony ne nasa.

Na'urorin wasan bidiyo suna jan hankali saboda aiki biyu suke yi. PlayStation 5 mai gurbin faifai da Xbox Series X mai gurbin faifai suna kunna 4K da Blu-ray da DVD, kuma suna samun sabuntawa akai-akai, wanda ya sa sabon fim bai cika ba su matsala ba. Amma ba sa fitar da Dolby Vision daga faifai, ba sa kunna Blu-ray mai hoton 3D, PlayStation 5 ko faifan waƙa na CD ba ta karɓa, kuma kullen shiyyarsu na Blu-ray yana nan daram bisa ƙasar da aka yi su dominta, babu wata hanya mai sauƙi ta buɗe shi. PlayStation 4, har da Pro, ba ta karanta faifan 4K. Wanda yake da PlayStation 5 ko Xbox Series X a gida kuma faya-fayansa duk na shiyya ɗaya ne, ta ishe shi. Sayen ta musamman don fim kuwa bai dace ba. Kwamfuta ta fi su wahala. Gurbin DVD ɗinta sau biyar kawai yake yarda a sauya masa shiyya kafin ya kulle a ta ƙarshe, Blu-ray yana buƙatar manhaja mai lasisi, kunna faifan 4K bisa ƙa'ida kuma ya dogara ne da fasahar SGX ta Intel, wadda kamfanin ya cire daga ƙwaƙwalwar kwamfutocin gida tun daga zubi na 11.

Game da kunna bidiyo daga filashi, kalmar MKV ko MP4 a jikin kwali ba ta ba da tabbaci, domin waɗannan mazubi ne kawai, abin da ke ciki shi ne na'ura ke iya karantawa ko ta kasa. A tsare-tsaren matse bidiyon da ke cikin mazubin, tsohuwar na'urar DVD takan tsaya a DivX da Xvid, ta Blu-ray ta kai H.264, HEVC kuwa sai ta 4K. Na'urar da FAT32 kaɗai ta sani ba za ta ga fayil ɗin da ya wuce gigabait 4 ba, sai mai karɓar NTFS ko exFAT.

Saura ingancin sashen da ke juya faifai da karanta shi, wanda babu takardar da ke bayyana shi. A cikin na'urar Blu-ray lesar da ke karanta DVD dabam take da wadda ke karanta Blu-ray, shi ya sa na'urar da aka yi amfani da ita za ta iya kunna ɗaya lafiya ta ƙi ɗayan, kuma mai sayen ta hannu wanda ya gwada iri ɗaya kawai bai gwada komai ba tukuna. Bayanan Blu-ray suna kwance ne milimita 0.1 kacal daga fuskar faifai, na DVD kuwa 0.6, don haka shatin yatsa da DVD zai haƙura da shi yana iya tsayar da faifan 4K. A goge shi da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa gefe kafin a zargi na'ura. Faifai mai gigabait 100 shimfiɗa uku gare shi, kuma a daidai inda lesa ke tsallakawa daga wata shimfiɗa zuwa wata ne na'ura mai rauni take daskarewa, yawanci fim ya riga ya yi nisa. Gwajin minti biyar a gaban mai sayarwa ba zai nuna wannan ba. Abin da zai nuna shi ne a ɗauki faya-fayan da suka fi wuya a cikin tarin mutum, wato DVD na wata shiyya, da mai tsarin 50, da wanda aka naɗa a gida, da dogon fim na 4K mai shimfiɗa uku, a kalle su daga farko har ƙarshe tun wa'adin mayar da na'urar bai cika ba.